Farar Hular Baba Mirash

Tun ina yarinya na san Baba Mirash, amma rana ɗaya tak na taɓa ganin tsakar kansa.

Ƙauyenmu ɗaya da shi, can cikin duwatsun arewacin Albaniya. Shi Kirista ne, mu Musulmi, amma awakinmu da nasu tare suke kiwo, kuma shi ya ja linzamin dokin da aka kai ni gidan miji a kai. Dogo ne siriri, ga gashin baki kamar tsintsiya. Farar hular nan ta gashin tumaki da mazanmu suke sawa kuwa, in ka gan shi ka gan ta. Kafin matarsa ta rasu takan ce ko aski za a yi masa sai dai mai askin ya yi ta kewaye. A wajenmu hular namiji ba abin wasa ba ce. Ba mai taɓa ta wani, kuma an sha zubar da jini a kan an ture wa mutum hula a gaban jama'a.

Yana saurayi gwamnatin wancan zamani ta kwashi samarin ƙauyuka aka huda dutse. Rami aka yi mai tsawon gaske, wanda mutum zai iya tafiya cikinsa a ɗan sunkuye, ya ɗauko ruwa daga idon ruwan da ke sama ya kai shi birni. A bakin ramin aka gina ɗan ɗakin dutse, aka sa kyauren ƙarfe da wani ƙaton sitiyari mai hannaye a kewaye. In an murza shi dama, kyauren ya ɗaga, ruwa ya shiga rami. In an murza hagu, kyauren ya sauka, ruwa ya bi rafi. Da aka gama aikin sai aka damƙa wa Mirash ɗakin da sitiyarin, a nan ya tsufa. Ramin kuwa bai sake sa ƙafa cikinsa ba. Tsoronsa yake ji, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yakan ce ya shiga da abokai da yawa, ba duka ya fito da su ba.

Masu haƙar farko ne suka kafa wata al'ada, shi kuma ya riƙe ta kamar addini. Duk shekara ana tsayar da ruwa yini ɗaya a shiga a yi faci. Duk wanda zai shiga sai ya cire hularsa ya kifa ta a kan hannun sitiyari. Muddin akwai hula a kai ba a murzawa, ko wane ne ya ba da umarni. Kuma ba mai sauke hula sai mai ita, da hannunsa. Manyan kamfanin ruwa sun sha yi masa dariya, daga baya su ma suka saba. In za a saki ruwa, abin da ofis ke tambaya ta oba-oba ɗaya ne: "Baba, da sauran hula?"

Da gwamnatin gurguzu ta faɗi aka bar kowa ya zauna inda ya ga dama, sai mutanen duwatsu suka juye cikin birni. Mu ma muka sauko da katifunmu da tukwanenmu, muka kafa bulo a kan tudun da a da gonar zaitun ce. Kafin mu gama rufi wasu sun kafa nasu a samanmu. Ramin da aka haƙa don ɗan ƙaramin gari shi ya koma shayar da tuddai cike da mutane. Kamfanin ruwa na yankinmu ya yi ta ja da bututu, ya yi ta gina tankuna, amma kafin bututu ya kai ƙarshen unguwa an haifi wata unguwar a bayanta. Sai aka shiga rabo, wannan tudu da asuba, wancan da la'asar. Kowace mace a layinmu ta san tarin famfo. Kafin ruwa ya zo sai famfo ya yi tari, ya tofar da iska, sai ka ji ana ta ƙarar bokitai gida gida.

Cikin wannan 'yata Lirije ta tashi. Jarka ta fi sanin bayanta fiye da jakar makaranta. Mahaifinta ya rasu ba ta gama firamare ba, kuma Baba Mirash ne yakan sauko mana lokaci lokaci da cuku da burodin masara, ya zauna ya sha kofi, ya yi ta tsokanar ta. Wai ita ce za ta gaje shi. Ban san maganar ta zauna mata ba sai da ta gama jami'a ta zo mini da takardar ɗaukar aiki a kamfanin ruwa. Injiniya. Na yi guɗa, maƙwabta suka cika gida. Ba wanda ya gaya mini cewa injiniya ma tana shiga rami.

Ni kuwa mace ce mai tsoro, ban ƙi a faɗa ba. Ina tsoron ruwan da ya wuce gwiwa, ina tsoron duhu, ina tsoron duk wurin da ba taga. Shekarar da nake ba da labarinta zafi ya yi tsanani, rabon ruwa ya ƙara taƙaicewa, mutane kowa a wuya yake. Ga shi an gano ramin yana yoyo can ciki, ruwan da zai ishi unguwa guda yana tsiyaye wa cikin dutse. Aka ce Lirije ce za ta shiga ta duba.

Na ce, "Duk mazan da ke kamfanin nan sun mutu ne?"

Ta ce, "Inna, aikina ne fa."

"To ni ma nawa aikin shi ne in bi ki."

Ta yi magiya, ta yi fushi, ta yi dariya. Ranar da aka tsayar da ruwa dai na ɗaure byrek, gasasshen fulawarmu mai alayyafo a ciki, a tsumma na shiga mota tare da ita. Motar kamfanin ta ajiye mu a bakin titi ta wuce, muka hau sauran da ƙafa.

Mun tarar masu faci sun riga sun shiga tun da sassafe, su da shugabansu Zyber, wani kakkauran mutum ɗan yankinmu. Hulunansu na kife a hannayen sitiyari, fari fat, kamar ƙwai a faifai. Baba Mirash na zaune a bakin ƙofa yana jiran kofinsa ya tafasa.

Ya ce, "A'a, Hajrie, ke ma kamfani ya ɗauke ki? Wane muƙami aka ba ki, shugabar masu kuka?"

Na ce, "Muƙamin tsare ka aka ba ni, tsoho. An ce ka fara gyangyaɗi a bakin aiki."

Lirije na sa takalman roba tana gwada tocila. Injiniyoyi ba sa rataya hula, domin ta sama suke shiga su ɓulle ta ƙasa, inda mota ke jiransu. Haka aka saba tun fil azal. Amma ita sai ta dube ni ta ce, "Inna, yau ta nan zan dawo, tunda kin nace. Ki zauna nan, kada ki je ko'ina."

Baba Mirash ya ajiye cokalinsa. Ya ce, "In ta nan za ki fito, ina hularki?"

Ta ƙwanƙwasa hular kwanon da ke kanta. "Wannan in na bar ta dutse zai fasa mini kai, Baba."

"Ɗankwali fa?"

"Yaushe rabon da ka gan ni da ɗankwali?"

Na kai hannu zan kwance nawa, ya girgiza kai. Ya ce na mai shiga ake ratayawa, ko na mai tsaron ƙofa, ni kuwa baƙuwa ce a ɗakin. Ya dubi sitiyari. Can sai ya juya mana baya, kamar mai shirin tuɓe riga, ya cire hularsa ya kifa ta a hannun da ya rage. Kansa fari sol, sanƙo, fatar kamar ta jariri, da wani dogon tabo a ƙeya. Na kawar da ido don kunya.

Ya ce, "Wannan taki ce yau, 'yata. Ke za ki sauke ta. Ki yi sauri, kaina bai saba da iska ba."

Ta sumbaci hannunsa, ta sunkuya, ta shige. Na bi hasken tocilarta da ido har ya zama ɗan ɗigo, sannan babu.

Ban san yadda safiyar nan ta wuce ba. Iska mai sanyi na fitowa daga ramin tana wari kamar tsohuwar rijiya. A bayan kyauren ƙarfe kuwa ruwa ne ya taru yana dukan sa, kana jin nauyinsa a tafin ƙafarka. Na tambaye shi ko kyauren ya taɓa ɓallewa. Ya ce bai taɓa ba. Na sake tambaya. Ya ce in na ƙara sau ɗaya zai kulle ni waje tare da awaki. Oba-oba kuma ba ta huta ba. Ofis na tambaya yaushe za a gama, wai mutanen tudun gabas sun tare titi da jarkoki, wai tankin asibiti ya kusa ƙasa. Shi dai amsarsa ɗaya: da sauran hula.

Bayan azahar na yanka masa byrek. Ya kai hannu zai karɓa sai hannun ya wuce gefe. Ya dube ni kamar zai yi wata tsokanar, sai na ga bakinsa ya karkace. Ya zame daga kujera a hankali ya kwanta a ƙasa. Na kira sunansa, na yayyafa masa ruwa. Idonsa biyu, yana ganina, amma magana ta ƙi, ɓarin jikinsa na dama kuma kamar ba nasa ba. Na ɗauki oba-oba na danna duk abin da ke dannuwa, ba abin da ta yi sai shuu. Na leƙa rami na yi ta kiran Zyber, muryata ta dawo mini ita kaɗai.

Lirije ta ce kada in je ko'ina. Amma mutum na mutuwa a gabana. Na tusa masa tsummana a ƙarƙashin kai na gangara titi da gudu, ni da ban yi gudu ba tun ina amarya. Na daɗe a tsaye kafin wata motar itace ta ɓullo. Na tsaya tsakiyar hanya, direban ya taka burki yana zagina, da ya ji abin da ya faru ya kashe mota ya biyo ni.

Tun kafin mu kai ɗakin na ji ƙarar. Wata irin ƙara ce ta ƙarfe mai tsatsa, ƙiii, ta tsaya, ƙiii. Ban taɓa jin ta ba, amma jikina ya san ta kafin kaina ya sani. Na faɗa ɗakin. Masu faci sun fito, kowa da hularsa a kai. Baba Mirash na kwance a kan rigunansu, an sa masa tasa hular, an gyara ta tsaf. Sitiyari kuwa ba komai a kansa, kuma mutum biyu sun kama shi suna murzawa dama. Ruwa ya riga ya fara zuba ta ƙarƙashin kyauren, yana shiga rami da gudu.

Abin da ya faru, daga baya na ji shi. Sun fito suka tarar da tsoho a ƙasa, kai a buɗe, hularsa a kan sitiyari. Suka ɗauka zafin ciwo ne ya sa ya cire ta. Zyber ya ga bai kamata dattijo irin wannan ya kwanta da kai tsirara a gaban yara ba, balle in ajali ne ya zo. Ya nemi gafararsa, ya ɗauko hular da hannu biyu, ya sa masa. Sai ofis ya kira ya yi tambayar da ya saba. Zyber ya dubi sitiyari ya faɗi abin da ya gani.

Na ce, "Ku tsaya. 'Yata na ciki."

Zyber ya ce, "Kwantar da hankalinki, Yaya. Injiniya ta wuce mu tun da hantsi, ta yi ƙasa. Yanzu haka tana ofis tana shan kofi."

"Ta nan ta ce za ta fito. Hular nan tata ce."

"Wace hular?"

"Ta kansa. Shi ya rataya mata."

Suka dubi juna. Ɗaya daga cikin masu murzawa ya ce tun da yake bai taɓa jin an rataya wa wani hula ba, balle Baba Mirash ya buɗe kansa a gaban mata. Wani ya ce tsoro ne ya ruɗa ni. Zyber ya kira ofis ya ce a duba ko injiniya ta fito ta ƙasa. Aka ce ba wanda ke can ƙasan, motar ta tafi kai ruwa asibiti, amma ai shi da bakinsa ya ce babu hula. A saki ruwa, gari zai kama da wuta. Duk wannan ana yi ruwa na ci gaba da shiga. Na kama hannun sitiyari na rataye a jiki, suka ɓamɓare ni kamar ƙaramar yarinya, ba da mugunta ba. Har haƙuri suke ba ni.

Sai muka ji wani gurnani daga ƙasa. Baba Mirash ne. Ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda ya rage masa, ya kai shi kai. Sau biyu yana kuskurewa. Ya kamo hular ya fizge ta, a gaban mazan nan duka, ya miƙa ta wajen sitiyari. Hannun ya kasa kaiwa, amma bai sauke shi ba. Idonsa na kan Zyber, hawaye na bin gefen da ya karkace.

Zyber ya yi fari kamar hular. Ya tallafi hannun tsohon, wasu suka ɗaga shi, Baba Mirash ya kifa hular a sitiyari da hannunsa. Sannan mutum huɗu suka faɗa wa sitiyari suna murzawa hagu kamar mahaukata, har kyauren ya zauna. Amma ruwan da ya shiga ya riga ya shiga, ba mai kiran sa ya dawo.

Zyber da mutum biyu suka kifa nasu hulunan suka ruga ciki. Direban itace ya ce a ɗauko tsoho a kai shi mota, irin wannan ciwo ba ya jira. Suka sunkuya za su ɗauke shi, sai ya saƙala hannun hagun nan a ƙafar sitiyari ya riƙe. Suka yi lallashi, suka ja a hankali. Na durƙusa na ce, "Baba, ka tafi, ni zan tsare ta. Na rantse ba mai taɓa ta." Ya dube ni, ya dubi oba-oba da ke ta kira ba ƙaƙƙautawa, ya ƙara damƙewa. Ya san muryar ofis za ta fi tawa ƙarfi. Kuma, Allah ya gafarta mini, a cikin raina ban so ya saki ba.

Haka muka zauna. Rana ta karkata, inuwar dutse ta rufe ƙofar. Ina kallon bakin ramin, ina jin numfashinsa yana ƙara nauyi a bayana. Na karanta duk addu'ar da na sani, da suka ƙare na koma farko. A raina na ga Lirije a kife cikin ruwa, gashinta na yawo. Na gan ta haka ya fi a ƙirga, ido biyu.

Sai ga ɗigon haske. Ya daɗe bai girma ba. Da suka iso, Zyber ne ke goye da ita. Ta jiƙe har ƙirji, leɓɓanta sun yi shuɗi, tocila ta tafi, takalmi ɗaya ya tafi. Tana kan hanyar dawowa ta ji iska ta bugi fuskarta, sannan ruwan ya share mata ƙafafu ya gurɗe mata idon sawu. Wani tsohon ƙarfe ta kama a bango, cikin duhu, tana jiran sauran ruwan ya iso.

Na tashi zan rungume ta, ta ce, "Tsaya, Inna." Zyber da mutanensa suka sauke nasu hulunan, ita kuma ta sa aka kai ta gaban sitiyari. Ta sauke hular, ta ja jiki zuwa inda yake, ta sa masa, ta gyara ta yadda yake so, ta ɗan karkata hagu.

Ta ce, "Na fito, Baba. A buɗe."

Sai a lokacin yatsunsa suka saki. Aka ɗauke shi. Muna gangarawa muka ji ƙarar ƙarfen nan a bayanmu, kuma kafin mu kai asibiti tituna sun watse, kowa ya koma gida tarar ruwa. Likitar ta tambaye mu tun yaushe abin ya same shi. Da na faɗa mata sai ta dube ni, ta ce me muka tsaya yi. Baba Mirash bai sake magana ba, kuma bai kai ƙarshen makon ba.

Ba shi da ɗa. Ƙanwarsa ce ta ce a binne shi da sabuwar hula, tsohuwar kuma ta naɗe ta a farin ƙyalle ta kawo wa Lirije har gida.

Yanzu an ƙara tuddai biyu a rabon ruwa, an kuma canza kyauren. Sabon daga ofis ake buɗe shi, wani ne ke danna abu a can cikin birni. Sitiyarin na nan, amma an cire masa sarƙa, ba abin da yake ɗagawa. Lirije ta ce akwai makullai da ƙa'idoji, wai ya fi na da aminci nesa ba kusa ba. Wataƙila gaskiyarta ne. Ni dai ban san fuskar mai dannawar ba, shi ma bai san tawa ba.

Duk shekara ranar faci tana kifa hular a hannun sitiyari kafin ta shiga, ni kuma in zauna a ƙasa inda ya kwanta, in saƙala hannuna a ƙafar ƙarfen. Na san ba ya tsayar da komai. Ba na saki sai ta fito.